Katin ATM ko kuɗi a hannu? Ga yadda na gan su a Sakkwato

Ni dai in anka ce in zaɓi ɗaya tsakanin kati da tsabar kuɗi a garin ga, ba shakka tsaba zan ɗauka, amma ba don katin bai da amfani ba. Na daɗe da shi a aljihu, Verve ne, tun zamanin da anka matsa ma kowa ya yi BVN, sai dai a da aikinshi guda ne, in tafi Kano Road in bi layi cikin ranar nan tamu mai narka ƙwaƙwalwa, in cire kuɗi in dawo gida. Ban fara miƙa shi a shago da sunan biyan kaya ba sai da canjin kuɗi ya zo.

Kowa na tune da wannan lokacin ai. A Oktoban 2022 Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce za a sake fasalin 200 da 500 da 1,000, anka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, anka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffin sun koma banki sababbin kuma babu su, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris kafin mutane sunka ɗan samu numfashi. A tsakanin nan na ga naira ana sayen ta da naira, ka ba mai POS kati ya cire dubu biyar ya miƙo maka dubu huɗu kuma kai ne mai godiya. To tun daga nan masu shaguna sunka cika gari da na'urorin Moniepoint da OPay da PalmPay, har mai balangu ya liƙa lambar akawun a jikin kwali.

Inda kati ya burge ni, sayayya mai nauyi. Gidan mai, kantin magani, buhun shinkafa, kayan gini, duk abin da ya kai dubu talatin ko hamsin. Ba ƙirge, ba tofa yawu a yatsa ana lissafi gaban jama'a kowa na kallon aljihunka, ba tsoron a haɗa maka da jabun 'yar dubu, ba zancen "wagga ta yage canza mani". Kuma ba rigimar canji, wadda ni ita ta fi ci mani rai, ka sayi kayan 4,850 a ce babu 150 sai dai ka ɗauki minti ko magi. Da kati abin da ka saya shi za a cire cif. Sannan alat na nan a waya, ƙarshen wata in kana mamakin ina albashi ya shiga sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga ta'asar da ka yi da hannunka. Ga kuma maganar hanya, wanda ke zuwa kasuwannin ƙauye ya san halin da ake ciki na tsaro, ba mai hankalin da zai cusa rabin miliyan a aljihun 'yar ciki ya kama hanyar gabas yanzu in yana da yadda zai yi.

Amma fa duk wannan daɗin sai in akwai netwok. Kwanaki na je Tsohuwar Kasuwa sayen shinkafa da mai, munka gama ciniki har an ɗora ma mai baro kaya, yaron shago ya soka kati, na danna lambar sirri, na'ura ta yi ta juyi ta yi ta juyi, can sai ta turo 'yar takarda wai bai yi ba. Ban kai ga maida katin aljihu ba sai ga alat, an cire kuɗin duka. Na nuna ma mai shagon, dattijo ne mai mutunci, ya gyara tabarau ya duba wayata ya duba tashi ya ce, "Malam, na gani wallahi, amma ni nan ba su shigo ba, ka yi haƙuri." Me zan ce mashi? Gaskiyarshi ce. Anka sauke kaya daga baro, mai baron ma sai da na sallame shi da 'yan canjin da ke gare ni don ya ɓata lokacinshi. Washegari na tafi banki, layi, fom, kawo 'yar takardar nan, a ce ka je za su dawo. Sun dawo ɗin, amma bayan an kwana biyu, kuma da kuɗin cefanen gidan ke nan gaba ɗaya da an sha azumin dole. Shawara ta kyauta, duk sanda na'ura ta turo takarda ko da ta ce bai yi ba kar ka yar, ita ce shaidarka.

Sai caji, wanda shi ba ya zuwa da yawa a lokaci guda shi ya sa mutane ba su lura. Kuɗin saƙon alat, naira 50 ta gwamnati kan tiransifa ta dubu 10 zuwa sama, kuma tun Maris 2025 in ka cire a ATM ɗin da ba na bankinka ba naira 100 ce kan kowace dubu 20. Mai POS na bakin titi shi ma da nashi, ɗari ko ɗari biyu gwargwadon abin da ka cire da kuma yadda kuɗi ke wuya ranar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai shagon da zai sayar maka da kaya, ya ci ribarshi, sannan ya ce in da kati za ka biya sai ka ƙara ɗari. Na me? Ni in anka ce mani haka fita nake in nufi shagon gaba.

Tsaba kuwa ita ke riƙe da rayuwar yau da kullum, ko ana so ko ba a so. Ɗan kabu-kabu daga Mabera zuwa Gawon Nama ba ka ce mashi ga kati. Mai ƙosai, mai fura da nono, mai ruwa, wanzami, almajirin da ya tsaya ƙofar gida, kuɗin tara na yara, sadakar Juma'a, duk hannu da hannu ne. Uwargida ma in ka ce za ka tura mata na cefane ta waya sai ta tambaye ka ko mai kayan miya waya yake ci.

Je ka Kara, kasuwar dabbobi, gab da Babbar Sallah ka ga inda tsaba ke da sarauta. Bafulatanin da ya koro ragunanshi daga daji ba ruwanshi da alat, so yake ya ƙirga ya ƙulle a lalita. Ko dillalin da ke da akawun, ciniki na canzawa in ya ga kuɗi. Ka taya ya ce albarka, ka ƙara ya ce albarka, sai ka zaro damin 'yan dubu ka fara ƙirgawa a hankali kamar mai shirin tafiya, nan take za ka ji "kawo Alhaji, Allah sa albarka, ka dai ba ni la'adata." Ban taɓa ganin an sallama ma mutum rago da rangwame don ya ɗaga katin ATM ba. Haka Illela ranar Lahadi, mutanen Ƙonni ta Nijar sun ƙetaro da sefa, 'yan canji na zaune, wa zai tsaya jiran na'ura ta gama tunani. Kuma ba mu manta 2021 ba da anka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar ga saboda 'yan bindiga, duk mai kati a can roba kawai yake ɗauke da ita.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi a kaina da abokaina, kuɗin kati ba su da zafin fita. In tsaba ce kana jin aljihu na sacewa, ka shiga kanti da dubu goma ka san iyakarka. Da kati sai ka ɗauko wanga ka ɗauko wancan, biskit ɗin da ba a aike ka ba, turaren da ba ka buƙata, danna lamba huɗu kawai an wuce wurin.

Maganar ɓarayi kuwa kowanne da irin nashi. Tsaba in ta faɗi ta tafi ke nan. Kati in ya ɓace kana iya rufe shi ta waya, amma sai ka ga mutum ya rubuta lambar sirri a bayan katin, ko ya ba yaro ya ce je ka ciro mani, ko wani ya kira shi ya ce daga banki ne a karanto lambobin da ke jikin kati, shi kuma ya karanto. Banki ba ya kiran kowa ya tambayi lambar sirri. A bakin ATM ma a yi hattara da masu "kawo in taimaka maka Baba", musanya kati suke yi.

In don ni ne ma, ba kati ya rage ma tsaba kasuwa a Sakkwato ba, tiransifa ce, don ita ba ta buƙatar na'ura, sai dai masu alat na bogi sun sa yanzu mai shago ba ya sakin kaya sai ya gani a tashi wayar, ka tsaya kana ta murmushin dole kamar wanda ake tuhuma.

Yadda nake yi yanzu, duk abin da ya haura dubu ashirin kati ko tiransifa, in kuma shagon ban saba da shi ba sai na tambaya ko netwok na da kyau kafin a ɗaure kaya. Abin da bai kai nan ba tsaba, kuma ina neman 'yan ɗari-ɗari da ɗari biyu-biyu in ajiye daban saboda kabu-kabu. In Sallah ta matso ko ƙarshen shekara ina cirewa da wuri, don a lokacin ne ATM ke bushewa masu POS su ƙara caji.