Tsohon Fatboy ya fi su kyau, ko da me za a ce

Toh ni dai ƙurajen aski ne suka kore ni daga rezar roba ɗin nan da ake yarwa, wuyana kullum kamar an watsa gero, shi ne na koma gidan reza irin na da wanda ake saka reza mai baki biyu a ɗaure. Da farko aski kawai nake nema amma yanzu abin ya zama jaraba, guda huɗu ne jere a gaban madubi kuma gemun dai ɗaya ne.

Wanda ya fi tafiya da ni shi ne Gillette Fatboy, asalin sunansa 195 Adjustable, an yi shi ne daga 1958 zuwa 1961 kawai. Nawa in ka kifa kansa za ka ga an buga F da 2 a ƙasa, F ɗin na nufin 1960, 2 kuma wata uku na biyu a shekarar, kenan ya haura shekara 60 amma wallahi in ka murza gindin ƙotar sai ka ga ƙofofin sama sun buɗe a hankali kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, ka ajiye reza ka rufe, sannan akwai 'yar murzawa ta ƙarshe da ke ƙulle shi gam, wadda in ka manta da ita rezar ba ta zama daidai. A wuyansa akwai zobe mai lamba 1 zuwa 9 na daidaita yadda rezar ke cin gashi, kana juyawa yana ƙas ƙas, ni a 4 nake tsayawa, ranar da gashi ya kwana uku in kai 6. Lokacin da ya zo hannuna duk busasshen sabulu ya toshe zanen ƙotar ya yi fari fat, sai da na jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na bi shi da tsohon burushin haƙori kafin ƙyallin nikel ɗin ya fito. A gefe ɗaya ya ɗan goge har tagullar ciki ta leƙo, kuma ni wannan tabon ma burge ni yake.

A na zamani, Merkur 34C na Solingen a Jamus shi nake ba duk wanda zai fara. Gajere ne mai kauri, ƙotar na da zane ba ta zamewa ko hannu da kumfa, yana sheƙi kamar madubi. Kyansa irin na mutumin da ba ya surutu ne.

Feather AS-D2 na Japan kuwa wani abu ne daban, ƙarfe ne mara tsatsa, ba ya ƙyalli, dishi-dishi yake, ko'ina a daidaice ba inda ya karkace. Aski mai laushi yake yi sosai, shi ya sa nake haɗa shi da rezar Feather ɗin kanta don ita kam kaifinta ba wasa. In baƙo ya shigo shi yake fara ɗauka ya juya, amma ni a raina yana min kama da kayan aikin likita, kyau akwai, ɗumi ne babu.

Na huɗun ba sai na faɗi sunansa ba, hoto ne ya ruɗe ni, ruwan gwal har ƙota. Bai yi wata biyar ba ruwan ya fara ɓarewa, ranar da ya suɓuce ya faɗi a tayil kuma sai sukurun marfin ya karye, ashe kan ba tagulla ba ne, irin kwaɓaɓɓen ƙarfen nan ne na zinki. Yana nan dai a jeren don ƙotar har yanzu tana da kyau, ina neman kan da zai shige ta.