Zagayen Edinburgh: Shiga Ayari ko Ɗaukar Ɗan Jagora na Kanka?

Idan kana son zagaya Edinburgh, babban birnin Sikotilan, ko dai ka shiga ayarin 'yan yawon buɗe ido, ko ka ɗauki ɗan jagora kai kaɗai. Ayari ya fi araha, amma tafiyarsa a ƙayyade take, galibi daga tsohuwar fadar kan dutse a gangara titin Royal Mile zuwa fadar Holyrood. Ɗan jagora naka kuwa zai kutsa da kai cikin matsattsun lungunan tsohon gari, ya kuma daidaita lokaci don ka ji igwar da ake harbawa ƙarfe 1 na rana, al'adar da aka fara a 1861. Yana da tsada, sai dai a cunkoson bukukuwan watan Agusta ya cancanci kuɗinsa.