Kayak na hawa ko na shiga: wanne za ka karɓa haya?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce za ku je hutu wata ƙasa mai zafi, akwai kogi kwantacce kusa da masaukinku, kana so ku karɓi hayar kayak, wato ɗan ƙaramin jirgin ruwan nan da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, ku ɗan zaga na sa'a biyu ko uku, kai da uwargida da yaronku ɗan shekara tara. Babu wanda ya taɓa riƙe filafili a cikinku. Masu hayar sun ce suna da iri biyu, wanda ake zama a bisansa da wanda ake shiga cikinsa, akwai kuma na mutum ɗaya da na mutum biyu, shi ne kake son sanin wanda ya fi.

Ka karɓi na hawa. Wuri ɗaya ne kawai zan iya sauya wannan magana, zan zo kansa.

Kallon farko zai iya ruɗar ka. Na shiga yana da rami a tsakiya, kana zura ƙafafu ciki, gefensa ya rufe ka har ƙugu, sai ka ji kamar kana cikin ɗaki. Na hawa kuwa kamar faffaɗan allon roba ne da aka lotsa wa wurin zama da wurin ɗora dunduniya, babu abin da ya kewaye ka. Baƙo yana ganinsu zai nuna na shiga, ya ce wannan ya fi rufin asiri. A kan tudu haka ne.

Amma ka tambayi kanka don me aka ƙera kowannensu. Kayak asalinsa na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu na can ƙuryar arewacin duniya, Girinlan da Alaska da arewacin Kanada. Da fatar dabbar teku suke lulluɓe ƙashin jirgin, su bar ƙofa daidai ƙugun mafarauci, saboda a ruwansu jiƙewa kaɗai na iya kashe mutum. Wannan ramin da kake gani maganin sanyi ne. Shi kuwa na hawa ɗan baya-bayan nan ne, a gaɓar tekun Kalifoniya ya bazu daga shekarun 1970, Tim Niemier na cikin waɗanda suka yi suna da ƙera shi, kuma an yi shi ne don mutanen da ke son su faɗa ruwa su sake hawa ba tare da sun koma gaɓa ba. Kai da za ka hau kogi mai ɗumi, matsalar da na shiga ya zo warwarewa ba taka ba ce.

Inda bambancin yake da gaske shi ne ranar kifewa. Kada ka ce ai ruwan kwance yake. Ba igiyar ruwa ce ke kifar da baƙi ba, yawanci yaro ne ya leƙa gefe zai taɓa ganye, ko babba ya juya zai ɗauki hoto, ko biyu suka karkata wuri guda lokaci guda don reshe ya taho musu a fuska. Idan na hawa ya kife, zamewa za ka yi ka faɗa ruwa, shi ke nan. Jikinsa rufaffe ne da iska a ciki, ba ya nutsewa, ga wasu hudoji da suka ratsa daga wurin zama har ƙasa, duk ruwan da ya hau ta nan yake tsiyayewa. Ka birkito shi, ka kwanta da ciki a tsakiyarsa, ka harba ƙafa ka ja jiki, ka juya ka zauna. Ba a yin sa da kyan gani, amma ana yi. Idan na shiga ya kife, za ka fito lafiya, don ƙofar na haya mai faɗi ce, ba ta riƙe mutum. Sai dai jirgin ya sha ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita ɗari ta shiga ka ga jirgin da ka ɗauka da hannu ɗazu ya zama abin da mutum biyu ke nishi a kansa. Da yawa daga cikin na haya ba su da shamaki a ciki da zai tsare iska a gaba da baya, don haka ko ka birkito shi ka hau, rawa zai yi ya sake zubar da kai. Dole sai an ja shi gaɓa an zazzage. A kogin da gaɓarsa taɓo ce har gwiwa, ko saiwoyin itatuwa ne a cakuɗe, wannan aiki ne na rabin yini da ɓacin rai, da yaro yana kuka a gefe.

Kada in zalunci na shiga, yana da nasa alheri. Kana zaune ƙasa-ƙasa ne, kusa da fuskar ruwa, iska ba ta cika wasa da kai ba, kuma a tsawo ɗaya yakan fi sauƙin nauyi da saurin tafiya. Ƙafafunka suna cikin inuwa. Na hawa ya fi faɗi da nauyi, yana tafiya kamar wanda ba ya son zuwa, kuma ka sa a ranka tun yanzu cewa wandonka zai jiƙe cikin minti goma, daga ruwan hudojin nan da wanda ke ɗigowa ta sandar filafili. Sannan rana. Ƙwauri da bayan ƙafa su ne ke shan ta a na hawa, sa'a biyu suna miƙe ba motsi, ruwa kuma yana maido musu da haske. Duhun fata ba ya hana ƙuna, jinkirta ta kawai yake yi. Amma zafi ma yana da nasa hukunci a kan na shiga: ramin robar nan da tsakar rana ba iska a cikinsa, gumi ne kawai. Saurin da yake da shi kuwa, ku da kuka fita kallon tsuntsaye me za ku yi da shi?

Ga wurin da na ce zan iya sauya magana. A ruwan daɗi na wasu sassan Afirka, da arewa maso gabashin Birazil, da wasu yankunan Filifin, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan katantanwa, ta fito ta yi yawo a ruwa, ta huda fatar mutum ba tare da ya sha ko ya ji ciwo ba, kuma ta fi son ruwa kwantacce mai ciyayi a gefe, wato irin wanda mai neman hutu yake so. A irin wannan wuri zama cikin jiƙa na sa'a uku ba wasa ba ne. Idan ma'aikatan lafiyar yankin suka ce akwai ta a kogin, ni sai in ɗauki na shiga in rage taɓa ruwa, ko mafi kyau in nemi bakin kogi inda ruwan gishiri ke shigowa, tun da ba ta rayuwa a ruwan teku. Ka tambayi asibiti ko jami'in lafiya, ban da mai haya, shi ciniki yake nema.

Na hawa ma yana da wani aibi ɓoyayye, na gan shi da idona. Wata rana na karɓi ɗaya a hannun wani mai haya, jirgi mai kyan launi, ban duba komai ba. Bayan kamar minti arba'in sai na ji filafili ya yi nauyi, bayan jirgin ya zauna cikin ruwa, ko numfashi na ja sai ya karkata. Ashe ɗan murfin da ke bayansa, wanda ake buɗewa a zubar da ruwan cikin jiki, ba a ɗaure shi ba, ruwa yana ta shiga inda ido ba ya gani. Da ƙyar na kai wani ɗan tudun yashi. Tun daga ranar, kafin in karɓa sai na ɗaga gindin jirgin na kasa kunne. In na ji ruwa yana gudu a ciki, a zazzage a gabana ko a ba ni wani. Na murɗa murfin da yatsuna, na kifa jirgin na duba ƙasansa, musamman can baya inda jan sa a kan tsakuwa ke cinye roba. Minti biyu ne.

Sai batun na mutum ɗaya da na biyu. Masu wannan harka a Amurka suna yi wa na mutum biyu laƙabi da jirgin sakin aure, kuma ba banza ba. Filafilan kayak baki biyu ne da shi, in na gaba ya tsoma dama na baya ya tsoma hagu sai su gwabzu, jirgin ya dinga zagaye wuri ɗaya, kowa ya ce laifin ɗan'uwansa ne. Maganin ba wuya: mai nauyi ya zauna baya, na gaba ya yi tuƙinsa a hankali ba waiwaye, na baya ya bi takunsa ya gyara hanya. Ku uku kuwa zaɓi biyu ne gare ku. Akwai na mutum biyu masu ɗan wurin zama a tsakiya don yaro, ku duka ku hau ɗaya. Ko kai da yaro ku hau na biyu, shi a gaba inda idonka ke kansa, uwargida ta ɗauki na mutum ɗaya. Ni na fi son na ƙarshen, don jirgi biyu a ruwa yana nufin in ɗaya ya kife akwai wanda zai riƙe masa gefe, sannan ita ma za ta ji daɗin cewa ita ke juya nata. Idan ranta bai kwanta ba kada ka matsa, ku hau ɗaya, amma ka nemi a nuna maka iyakar nauyin da aka rubuta wa jirgin, ku bar rata mai kyau ƙasa da shi.

Duk wannan kuma bai kai zaɓen kogi da lokaci muhimmanci ba. Baƙo yana tuƙa kamar kilomita 3 zuwa 4 a sa'a. A ce kana yin 4, ruwa yana gudu da 2. In ka bi ruwa kana yin 6, rabin sa'a ka ci kilomita 3 kana jin kai gwani ne. Dawowa kana yin 2 kacal, sa'a ɗaya da rabi ke nan, da hannu ya riga ya gaji. Saboda haka ka fara da hawa sama, ka dawo ruwa yana tura ka. In kogin yana kusa da teku, cikowar teku da janyewarsa ne ke mulki, a yawancin wurare kusan kowace sa'a shida ruwa yana sauya alkibla, kuma mashigar da kuka ratsa da safe kuna iya dawowa ku tarar da ita laka zalla. Ku fita da sassafe. A ƙasashen zafi iska da hadari sun fi tasowa bayan rana ta karkata, kuma kana jin tsawa ka nufi gaɓa, ba shawara. Tsakanin walƙiya da ƙararta kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne.

Kwantaccen kogi ma yana da zirga-zirga. A Wailua na tsibirin Kauai a Hawai jiragen 'yan yawon buɗe ido suna hawa da sauka, a magudanan Kerala ta Indiya manyan jirage masu ɗakuna ne ke ratsawa. Ka riƙe gefe, in igiyarsu ta taho ka juya hancin jirginka ka tare ta, kada ka ba ta haƙarƙari. Itacen da ya faɗi ya kwanta cikin ruwa mai gudu kuwa ka yi masa nisa, ruwa yana wucewa ta cikin rassansa, mutum da jirgi ba sa wucewa.

Da ɗan rakiya ko ku kaɗai? In kogi ne guda miƙaƙƙe wanda masu haya ke sakin baƙi a kansa kullum, ku kaɗai ya isa. In wuri ne mai rassa da yawa masu kama da juna, irin magudanan Tortuguero a Kosta Rika, ko inda aka ce akwai kada ko dorina, ku ɗauki ɗan rakiya, ko ma ku haƙura da kayak ku shiga babban jirgi. Ɗan rakiya kuma yana ganin abin da idonku zai wuce, tsuntsun da ya yi lamo a reshe, ƙadangaren da kuka ɗauka ɓawon itace ne.

Rigar ceto kowa ya sa ya ɗaure, har wanda ya iya iyo, ba a ajiye ta bayan kujera. Ta yaro ka gwada ta da hannunka: ka ɗaure masa, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga sama. In ta haura ta rufe masa kunne ta yi masa yawa, a ruwa ta kai za ta zame. Tufa mai yalwa da ke shan ruwa a tattare ta cikin rigar ceton, ko mafi kyau a sa mara nauyi mai saurin bushewa da ta rufe hannu da ƙwauri, da hula mai igiya, da takalmin da ke kama dunduniya, don silifa laka ce ke cinye ta. Ruwan sha ya kai lita ɗaya ko fiye ga kowa. Waya a jakar da ruwa ba ya shiga, a ɗaure ta a jiki, da lambar mai hayar a ciki.

Kafin ku yi nisa, ku tsaya inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ka sauka da gangan ka gwada hawa sau ɗaya yaron yana kallo, muddin ba ruwan da ake tsoron tsargiya ko kada ba ne. Ka gaya wa mai haya inda kuka nufa da ƙarfe nawa za ku dawo. In da yamma kuka fita, ku juyo da wuri, don kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma bayan faɗuwarta duhu ba ya jira ya kai rabin sa'a.