Madubin takardar da ya ja ni cikin binciken tsargiya

Ranar da aka fara miƙo min Foldscope, wato madubin duba ƙananan halittu, ina shekarar farko a digiri na uku, ko maudu'i ban gama tsayarwa ba. Takarda ce fa, kai za ka ɓalle ka ninke da hannunka, sai ɗan mitsitsin gilashi a tsakiya, amma yana ƙara girman abu har sau 140. Manu Prakash da Jim Cybulski ne suka ƙirƙiro shi a jami'ar Stanford ta Amurka, suka fito da shi a 2014.

Abin da na fara dubawa fitsarin wani yaro ne mai jini-jini, muka tace mililita 10 (da rana ake karɓa, tsakanin ƙarfe 10 da 2, lokacin ƙwan ya fi fita), na ɗaga madubin wajen haske sai ga ƙwan tsutsar tsargiya kwance, dogo-dogo da ƴar ƙayarsa a can ƙarshe, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don abin da na shekara ina haddacewa a littafi ne ga shi a gabana. Na manna wayata na ɗauki hoto na nuna wa mahaifiyarsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce to ta ina ya shiga jikinsa? Nan na yi mata bayanin dodon koɗin da ke cikin ruwa, da yadda tsutsar ke huda fatar mai wanka, da maganin praziquantel. Tun daga ranar ban sake tunanin wani maudu'in ba.

Amma a san iyakarsa. Ƙwan tsargiya babba ne, ya haura maikiron 100 (kashi ɗaya cikin goma na milimita), shi ya sa yake fitowa ɓaro-ɓaro. Ƙwayar maleriya kuwa tana cikin jajayen ƙwayoyin jini, sai babban madubin lab mai sau 1000 da ɗigon mai da rinin Giemsa. Ƙirgen ƙwai na kundina ma a lab nake yi, haka sufabaiza ɗina yake so kuma yana da gaskiya.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni ya nemi Foldscope ɗaya, madubin ba ya son wutar lantarki, yana shiga aljihu. Nawa na farko har yanzu yana cikin jakata.