Primer-BLAST ga mai aikin NR5A2 a Damagaram: kyauta ne, amma sai an gyara saitinsa

Ɗalibin kimiyyar halittu a Jami'ar André Salifou, ko ma'aikacin labo da ke son auna yawan aikin wata ƙwayar gado ta hanyar PCR (dabarar ninka wani gutsuren DNA a labo), abin da zai fara buƙata shi ne firaima biyu masu kyau, wato gajerun sassan DNA da ke nuna inda ninkawar za ta fara. Primer-BLAST, shafin intanet na cibiyar NCBI ta Amurka mai tsara firaima, shi ne wurin da za mu fara tura kowa. Ba a biyan ko dala, ba sai an yi rajista ba, kuma yana buɗewa a kwamfuta mai sauƙin ƙarfi. Mun auna shi a nan da NR5A2, domin ƙwayar gado ce mai saurin tona asirin firaima mara kyau.

NR5A2, wadda aka fi sani da LRH-1, tana kan kuromosom na 1, kuma ɗaya ce daga cikin masu karɓar saƙo 48 da ke aiki a cibiyar ƙwayar jikin ɗan Adam. A jikin babba tana aiki a hanta, hanji, fankiriyas da ƙwan mace. A hanta tana cikin masu kunna CYP7A1, wadda ke fara sarrafa kolestarol zuwa ruwan ɗaci. Abin da ya ja hankalin masu binciken ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayar jiki, shi ne dangantakarta da OCT4, ƙwayar gadon da ke riƙe su a wannan hali. Ɗan tayin ɓera da aka cire wa ita yana mutuwa wajen kwana na 7, bayan aikin Oct4 ya dushe. A 2010 kuma masu bincike a Singafo suka nuna tana iya maye gurbin Oct4 a cikin sinadarai huɗu da Shinya Yamanaka ya yi amfani da su a 2006 wajen mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar asali. A ɓera aka yi wannan, kuma wajibi ne mai rubuta kundin digiri ya faɗi haka a fili.

Amfani da shafin ba wuya. A nemo lambar RefSeq (lambar shaidar jerin haruffan) ta mRNA, wato kwafen saƙon ƙwayar gadon, a shafin Gene na NCBI, a tabbatar ta mutum ce ba ta ɓera ba, a liƙa ta a akwatin sama. Daga nan ne ake yin kuskure, domin saitin da aka tarar yana barin tsawon gutsuren da za a ninka ya kai daga haruffa 70 zuwa 1000. Mai qPCR, wato PCR mai auna yawa, ya rage shi zuwa 70 zuwa 200. Zafin narkewa na digiri 60, tsakanin 57 da 63, a bar shi. Sai a zaɓi a tilasta wa firaima ɗaya hawa kan mahaɗar ekson biyu (sassan ƙwayar gado da ke saura a cikin mRNA), don kada DNA da ya saura a cikin samfurin RNA ya ba da sakamakon ƙarya.

Ƙarfin manhajar yana wurin tantancewa. NR5A2 tana da ƴar'uwa, NR5A1, kuma sashen da suke kama DNA da shi ya yi kama ƙwarai. Primer-BLAST yana jero duk wani wurin da firaima zai iya maƙalewa ba da niyya ba, har da yawan haruffan da suka saɓa. A karanta wannan jerin har ƙasa. Haka kuma NR5A2 tana da nau'in mRNA fiye da ɗaya, don haka a yanke tun farko ko duka ake son kamawa ko ɗaya.

Inda Primer-BLAST ya gaza shi ne OCT4, wadda kusan kowa zai auna tare da NR5A2. Tana da kwafe-kwafe marasa intron (sassan da ke tsakanin ekson) a wasu kuromosom, irin su POU5F1B a kuromosom na 8, kuma dabarar mahaɗar ekson ba ta kare mutum daga su. Sai an sake tantance firaima a kan dukan jinom, wato dukan DNA na mutum, an wanke samfur da DNase, enzim mai lalata DNA, an kuma saka bututu ɗaya da ba a zuba masa enzim ɗin juya RNA zuwa DNA ba. In wannan bututun ya ba da alama, sakamakon duka ya lalace.

Shafin da Ingilishi kawai yake, abin da ke wahalar da wanda ya yi karatu da Faransanci, kuma ba ya ajiye sakamako na dindindin, sai a kwafe shi nan take kafin intanet ya yanke. Ya kamata kuma a duba wurin zaman firaima a dbSNP, rumbun NCBI na bambance-bambancen haruffan gado, domin bambancin gado ya fi yawa a mutanen Afirka, kuma canjin harafi ɗaya a ƙarshen 3', inda ninkawa ke farawa, ya isa ya hana aiki.

Firaima yana isowa a bushe, zafin hanya ba ya yi masa komai. Matsala tana farawa bayan an jiƙa shi. A ninka adadin nanomol da ke jikin bututu sau 10, shi ne mikirolita na ruwan TE (ruwan jiƙa DNA) da zai ba da ƙarfin mikiromola 100. A tsinka zuwa mikiromola 10, a rarraba a ƙananan bututai a ajiye a digiri −20, domin a watan Afrilu da Mayu, in kuran ya ɗauke, bututu ɗaya da ke narkewa yana sake daskarewa ba zai kai ƙarshen aikin ba.