The Twilight Zone da Black Mirror: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, tambayar da ka yi mana jiya kashi uku ce: cikin shirye-shiryen talabijin ɗin nan biyu, The Twilight Zone da Black Mirror, wanne ya fi ban tsoro, da wanne ya kamata ka fara, kuma ko akwai wanda za ka kunna wa iyali a falo ba tare da ka riƙe rimot kana dakon wurin da za ka tsallake ba. Na kalli kaso mai yawa na kowannensu, wasu ma sau biyu ko uku, don haka zan faɗa maka abin da na gani. Sai dai ka yi mini uzuri, domin dole in tona ƙarshen wasu labaran kafin maganata ta fito fili.

Abin da ya haɗa su shi ne cewa kowane kashi labarinsa daban, mutanensa daban, saɓanin shirye-shiryenmu masu dogon zango da sai ka bi tun daga farko kafin ka gane wanda ya saki wa. The Twilight Zone na Amurka ne, tashar CBS ta nuna shi daga 1959 zuwa 1964, kashi 156 a zango biyar, duka baƙi da fari, kuma mafi yawansu ba su wuce minti 25 ba. Rod Serling ne ya ƙirƙiro shi, shi ya rubuta 92 daga ciki, shi ne kuma mai gabatarwa. Black Mirror kuwa na Ingila ne, Charlie Brooker ya fara shi a tashar Channel 4 a watan Disamba na 2011, sannan ya koma Netflix a 2016. Sunan nasa yana nufin baƙin madubi, wato fuskar waya ko talabijin idan an kashe ta, lokacin da ba ka ganin komai a ciki sai kanka. Brooker da kansa bai ɓoye cewa aikin Serling ya yi masa tasiri ba, don haka kusan kwatancen kaka da jika muke yi.

Ni a wurina The Twilight Zone tatsuniya ce da aka sa mata kwat. Serling yana buɗe labari da 'yan jimloli, sau da yawa da taba a hannunsa, kamar yadda kakanninmu ke cewa ga ta nan ga ta nanku, sa'an nan ya dawo a ƙarshe ya rufe da nasa ƙurunƙus ɗin. Akwai dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hanya. Kafin shirin ya sha fama da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin talabijin, waɗanda suka yi ta sauya masa rubutu duk lokacin da ya taɓa batun wariyar launin fata, har da wasan da ya rubuta bisa kisan yaron nan baƙar fata Emmett Till a 1955. Sai ya gane cewa abin da za a hana ɗan Adam faɗa a talabijin, idan aka sa shi a bakin halittar wata duniya ba mai kulawa. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi mun san wannan dabara, domin a tatsuniya ana faɗa wa sarki abin da ba a isa a faɗa masa a fada ba.

Kashin da ya sa na ɗauki shirin da muhimmanci shi ne The Monsters Are Due on Maple Street na 1960. Wani abu ya gifta ta sama da ƙara a wata unguwa mai zaman lafiya, nan take wuta ta ɗauke, tarho ya mutu, motoci suka ƙi tashi. Wani yaro ya ce ya karanta a littafi cewa halittun wata duniya kan turo 'yan leƙen asiri masu kama da mutane kafin su kawo hari. Da farko dariya aka yi masa. Can sai motar wani maƙwabci ta tashi da kanta, sai wata mata ta tuna cewa tana ganinsa da tsakar dare yana kallon sama, shi kuwa ya rantse rashin barci ne ke damunsa. Daga nan zargi ya koma kan mai rediyo a ɗakin ƙasa, har wani ya harbe inuwar da ta tunkaro su cikin duhu, ashe maƙwabcinsu ne da ya je duba ko layin gaba da wuta. A ƙarshe an nuna baƙin halittun a kan tudu suna kallo. Ba su harba ko harsashi ɗaya ba, wasa kawai suka yi da wutar lantarki.

Na kalli wannan kashi ne a kwamfuta, a tsakar gidanmu a Pantami, wani dare cikin zafin Afrilu da ɗaki ya gagari kowa. Muna tsakiyar kallo aka ɗauke wuta a layinmu, sai gida ɗaya da ke da sola ya rage da haske, kuma ƙannena suka fashe da dariya suna nuna gidan. Mahaifiyarmu ba ta jin Turanci, ina fassara mata ne sama-sama tana fifita da mafici, amma da aka kai wurin harbin sai ta ajiye maficin ta ce ai wannan labarin maita ne. Ta ba mu labarin wata tsohuwa a ƙauyensu da aka ce ita ke kama kurwar yara, ba don komai ba sai don ba ta da kowa kuma tana yawan magana ita kaɗai. Serling yana nufin zamanin da Sanata Joseph McCarthy da ire-irensa suka yi ta jifan mutane da kwaminisanci a shekarun 1950, Mama kuwa ba ta taɓa jin sunan McCarthy ba, amma babu abin da ya kuɓuce mata a labarin. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ihun ɓarawo ko jita-jitar satar mazakuta ke tara jama'a a kasuwa cikin minti biyu ya san unguwar nan.

Akwai ɗan'uwansa, The Shelter na 1961, inda wani likita ya gina maɓoya saboda bam ɗin nukiliya, maƙwabtan da suka gama cin liyafa a gidansa suka fasa masa ƙofa da aka yi shelar hari, daga baya aka ce ba hari ba ne. Akwai kuma Time Enough at Last na 1959, labarin ma'aikacin banki mai son karatu wanda matarsa da maigidansa suka hana shi sakat. Bam ya hallaka kowa yana cikin ma'ajiyar kuɗi, ya fito ya tara littattafan da za su ishe shi shekaru, yana sunkuyawa tabaransa ya faɗi ya fashe. Har yau ina ganin an zalunci bawan Allahn nan, domin ban ga laifin da ya yi ba.

Black Mirror ba ya ba ka mai gabatarwa, ba ya kuma rufe maka labari. Ana gamawa allo ya yi baƙi, a bar ka da abin da ka gani. Bambanci na biyu, wanda ya fi girma, shi ne nisa. A wurin Serling abin al'ajabi daga waje yake zuwa, jirgin wata duniya ko ƙaddara mai juya wa mutum baya, kuma ba a damu da bayyana yadda ya faru ba. A wurin Brooker kuwa da kuɗinka kake sayen abin, ka sa hannu a kan sharuɗɗan da ba ka karanta ba, kuma na'urar ba ta lalace ba, aikin da aka ƙera ta dominsa take yi daidai.

Dubi The Entire History of You na 2011, wanda Jesse Armstrong ya rubuta. Mutane suna da wata 'yar ƙwaya a bayan kunne mai naɗar duk abin da ido ya gani, sai mutum ya maido da kowane lokaci na rayuwarsa ya sake kallo. Wani lauya ya lura da yadda matarsa ta yi wa wani mutum dariya a wurin cin abinci, ya kwana yana maimaita wurin yana ƙara girman hoton. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, kuma abin da ya sa kashin ke da ɗaci shi ne zarginsa gaskiya ne, amma gaskiyar ba ta bar masa mata ko gida ba. Nosedive na 2016 ya fi sauƙin kallo: kowa yana ba kowa maki daga ɗaya zuwa biyar, wata budurwa mai 4.2 tana neman 4.5 don ta samu rangwamen kuɗin haya, ta bi ta zubar da komai a hanyar zuwa bikin ƙawarta. Yana da daɗi, amma tun daga minti goma na farko ka san inda aka dosa.

Wanda ya hana ni barci shi ne Be Right Back na 2013, kuma babu jini ko dodo a cikinsa. Wata mata ta rasa abokin zamanta a hatsarin mota, sai ƙawarta ta yi mata rajista da wani kamfani da ke tattara duk abin da mamaci ya taɓa rubutawa a intanet ya ƙera mai magana irin tasa. Aka fara da saƙon rubutu, aka koma murya, har aka aiko mata da jiki a kwali. Ta gano cewa abin ba shi ba ne, domin ba ya gardama, ba ya fushi, abin da mamacin ya nuna wa duniya kaɗai ya sani. Ta kasa zama da shi, ta kuma kasa rabuwa da shi, sai ta ajiye shi a ɗakin sama na shirgi. Ina da wani aboki da ya rasu, saƙonninsa na murya suna nan a WhatsApp ɗina, ɗaya daga ciki daƙiƙa 14 ne kacal yana cewa in jira shi a Tashan Dukku. Daren da na kalli kashin nan sai da na saurare shi ya fi sau goma. Abin da na lura da shi daga baya shi ne matar ba ta da kowa a kusa. Mu muna da zaman makoki na kwana uku, gida ya cika, a yi ta cewa Allah ya jiƙansa har kunne ya yarda cewa ya tafi, matar mamaci kuma ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, lokaci mai farko da ƙarshe. Ita kuwa wannan ba wanda ya yanka mata ranar fita, sai kamfani da ke son ta ci gaba da magana.

To, wanne ya fi ban tsoro? Idan firgita kake nema, irin ta tsalle daga kujera, dukansu ba gwanaye ba ne. Dodon da ke kan fiffiken jirgi a Nightmare at 20,000 Feet na 1963, wanda William Shatner ya fito a ciki, yau dariya zai ba ka, domin ƙarara ka ga mutum ne cikin rigar gashi, ko da yake tashin hankalin mutumin da ya ga abu kowa ya ce haukansa ne ya dawo bai tsufa ba. Metalhead na 2017, mai karnukan ƙarfe da ke farautar wata mata, shi ne ya fi kusa da fim ɗin ban tsoro na gaske. Amma idan kana nufin tsoron da ke bin ka har shimfiɗa, Black Mirror ya fi, nesa ba kusa ba, saboda ana gamawa hannunka zai kai ga wayarka.

Kowannensu da aibinsa. Serling yana da wa'azi, wani lokaci sai ya bayyana maka abin da ka riga ka gane, kashe-kashen barkwancinsa yawanci ba su da gishiri, kuma zango na huɗu na 1963, da aka mayar da labaran awa guda, ya ja har ya gundura. Black Mirror kuma tun da ya koma Netflix kuɗi suka ƙaru, taurari suka ƙaru, amma wasu labaran sun rasa kaifin na farko, ga shi wani lokaci muguntar tana yawa har ka ji marubucin yana azabtar da mutanensa ne kawai.

Batun iyali kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. The Twilight Zone an yi shi ne a zamanin da talabijin ke da takunkumi, za ka iya kallonsa da Hajiya da yara, illa dai ƙananan na iya tsorata da It's a Good Life na 1961, labarin yaron da duk garin ke tsoronsa domin yana karanta zuciya. Black Mirror na manya ne, akwai ashar, akwai tsiraici, akwai abubuwan da suka saɓa wa tarbiyyarmu. Kashinsa na farko ma, The National Anthem, ya ƙunshi firaminista da alade ta hanyar da ba zan iya rubutawa a nan ba, kuma mutane da yawa daga kansa suka bar shirin, don haka kada ka bi jeri.

Shawarata ka fara da tsohon. Gajeru ne, ba sa cin data, kuma Turancinsu a hankali ake yin sa, ya fi na 'yan Ingila sauƙin kamawa. Ka kalli na unguwar Maple, da na mai tabarau, da Eye of the Beholder na 1960, wanda da gangan na ƙi faɗa maka komai a kansa. Bayan haka, ranar da yara suka yi barci, ka sa abin kunne ka kalli Be Right Back kai kaɗai. Idan kuwa akwai rasuwar da ba ta daɗe da taɓa ka ba, ka ɗaga shi tukuna, ka fara da Nosedive.