Fijo 504 da gwajin lafiyar mota na shekara: tana wucewa kuwa?

Masu tambayata ko tsohuwar Fijo 504 tana iya cin gwajin nan na lafiyar mota da ake yi duk shekara kafin a sabunta takardu, amsa a gajarce ita ce eh tana ci, amma ba wai ka tashi da safe ka kaɗe mata ƙura ka nufi wurin ba, in ka yi haka da takardar gyara za ka dawo gida. Tawa salun ce ƙirar Kaduna, mai injin lita biyu da kafireta, ta girmi wasu ma'aikatan da ke duba ta ma, kuma abin da na lura da shi shi ne inji da giya ba su taɓa zama matsala a wurin gwaji ba, kullum ƙananan abubuwa ne da mutum ya raina.

Ita dai motar nan ba sai an gabatar wa ɗan Arewa da ita ba. A Faransa aka fara fitar da ita a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa ta a Kakuri cikin Kaduna a 1975, can Turai suka daina yin salun ɗin tun 1983 amma mu nan aka ci gaba da haɗawa har bayan shekarar 2000. Wannan ya yi mana rana sosai a maganar gwaji, don har gobe in ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu kayanta, kuma akwai dattawan makanikai da a kanta suka koyi aiki, da kunne kawai suke gane ciwonta.

Babban abin da ke kayar da ita birki ne. A wuraren da suke da na'ura, ana ɗora tayoyin a kan wasu rodi masu juyawa a ce ka taka, allo ya nuna ƙarfin kamun hagu da na dama daban-daban, to a titi kai kana jin motarka tana tsayawa lafiya lau ai, amma na'ura ba tsayawa kawai take nema ba, so take ɓangarorin biyu su kama kusan daidai. A 504 ɗin da ta kwana biyu fistin ɗin birkin gaba na gefe ɗaya yakan cije saboda tsatsa da tsohon man birki wanda ya sha ruwa, sai gefe guda ya riga ɗan'uwansa kamawa. Na baya kuma akwai wani ɗan bawul a ƙarƙashi da ke raba ƙarfin birki gwargwadon nauyin da motar ta ɗauka, yawancin mutane ba su ma san da shi ba, in ya daskare sai ka ga allo yana nuna kamar babu birki a baya. Birkin hannu kuwa kada ma a yi magana, da yawanmu giya muke sakawa mu sa dutse, wayar ta shekara ba a ja ta ba, ranar gwaji ka ja ta zo har sama ba ta riƙe komai ba. Duk wannan aikin wuni ɗaya ne a gareji, a kwance a wanke a sa sababbin roba a zuba sabon mai a fitar da iska, shi ke nan.

Sai hayaƙi, wanda shi ne kowa ke tsoro. Ana cusa wani ɗan tiyo a bakin salansa ya auna abin da ke fita. Mota mai kafireta ba ta da kwamfutar da za ta daidaita mai da iska da kanta, hannun bakanike ne kwamfutarta, kuma makanikanmu sun fi son su buɗe mata mai don ta yi silo mai daɗi kada ta riƙa mutuwa a go-sulo. Dattijon da ke duba mini ita in na ce za ni gwaji sai ya ce "to Alhaji kawo ta mu rage mata ci", ya cire iyakilina ya buga a ƙasa ka ga ƙurar hunturu tana tashi, ya goge fulogi, ya gyara tazarar kwantak, sannan ya sa sukundireba a ɗan sukurun kafireta yana juyawa kaɗan-kaɗan kansa a karkace yana saurare, har sai ƙarar ta zauna. Ni dai "sannu Baba" kawai nake ta yi a gefe. In baƙin hayaƙi ne wannan ya wadatar. In kuwa shuɗi ne to baƙin mai take ƙonawa, babu sukurun da zai ɓoye shi, galibi sai an sauke inji an canza ring, sa'ar da aka yi injin nan silif ɗinsa ana zare shi a sa sabo, ba sai an kai bulok wurin gundura ba. Kuma don Allah kada ka kai ta da sanyin inji, ka ɗan zaga da ita ta yi zafi tukuna, da cok a jawo, abin nan da ake ja don a ƙara wa inji mai in yana da sanyi, babu yadda za a yi awon ya yi kyau.

Fitilu abin haushi ne saboda arharsu. Wayarin ɗin ya tsufa, wayar da ke kama bodi ta yi tsatsa, sai ka kunna sigina fitilar birki ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Rewaya zai gyara maka cikin rabin awa. Manyan fitilun gaba kuma madubin cikinsu yana dusashewa, mutane sai su sayo farin ƙwan nan mai kashe ido su saka, haske ya watsu ko'ina ban da kan titi, a wurin gwaji kuma saitin hasken ake dubawa ba yawansa kawai ba.

Ƙafafu ba ni da ƙorafi a kansu ko kaɗan, motar da ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 ba ramin unguwa ne zai ba ta tsoro ba. Bushin da tayarod da shokazoba suna ci kamar na kowace mota, a canza su in sitiyari ya fara wasa. Inda nake jin takaici shi ne ingancin kayan da ake samu yanzu, robar da za ka saka da damina kafin wata daminar ta tsattsage, na asali tsohon ajiya sun yi wuya sun yi tsada, wani lokacin gara na jikin wata motar da aka yanka a kan sabo na cikin kwali. Tsatsa ma a leƙa ƙarƙashin kafet da gindin ƙofofi da cikin but, motar da ta yi rayuwarta a Arewa ba ta cika ruɓewa ba saboda bushewar iska, amma wadda ta zauna Legas ko Fatakwal sai ka sa mai walda ya shiga ƙarƙashi kafin ka biya kuɗi.

Wani abu da masu ajiye ta don marmari ba sa so su ji, wadda ake hawa kullum ta fi wadda aka lulluɓe da tamfol saurin cin gwaji. Ajiya ce ke sa birki ya cije, mai ya bushe a kafireta ya toshe, ɓera ya ci waya, taya ta tsage alhali zanenta na nan sabo fil. Ka duba lambobi huɗun da ke gefen tayar, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, mai duba mota ya san wannan ko da kai ba ka sani ba. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 hawa 504 kullum sai mai ƙarfin hali, tana sha ba wasa, amma ko sau ɗaya a mako a fita da ita ta yi zafi a taka birki sosai.

A Ingila tun 2018 motar da ta haura shekara 40 an ɗauke mata wannan gwajin in ba a yi mata manyan canje-canje ba, ni kam ko an ɗauke mana zan kai, don allon nan ne kaɗai ke gaya maka gaskiyar birkinka na baya.

In maki zan ba ta, huɗu cikin biyar. Ba ta da fitilar kwamfuta da za ta kama a dashbod ta ja maka kashe kuɗi, duk abin da aka rubuta maka a takarda kana iya ganinsa da ido ka taɓa da hannu, kuma galibi kafin la'asar an gama. Ɗayan da na cire na jabun kaya ne da shan mai. Wanda ba shi da tsohon bakanike da ya san ta, ko ba shi da haƙurin ware mako biyu kafin takardunsa su ƙare ya bi birki da hayaƙi da fitilu ɗaya bayan ɗaya, gaskiya ya nemi Corolla kawai.